Kwalbar Ignacy

Akwai wata kwalba a kicin ɗina, amma mai ita babu shi. Mijina Ignacy ya rasu shekara ɗaya da wata uku da suka wuce. Ya sunkuya zai ɗauki buhun dankali a bayan gida, bai sake miƙewa ba.

Sunana Genowefa, shekaruna saba'in da ɗaya. Ban yi karatu mai nisa ba, daga firamare na shiga aikin ɗinki, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Maƙwabciyata Lodzia ce ta matsa mini in rubuto wa wannan shafi, wai ko wani zai amfana. Na ce to, tunda abin ya ƙi barin zuciyata.

Shekara arba'in da shida muka yi da Ignacy a gida ɗaya a Zagórz, bakin layin dogo. Aikinsa canza wa jiragen ƙasa hanya. Ko ƙwai bai iya soyawa ba. Amma akwai abu ɗaya na kicin da ya riƙe a hannunsa, ba ya bari kowa ya sa masa baki: ruwan banila, na sa wa kek ƙamshi.

Shekarar da aka haifi 'yarmu Renata, lokacin da kantuna suka zama wayam, wani ɗan'uwansa mai aikin jirgin ruwa ya kawo masa sandunan banila guda biyar, baƙaƙe, sirara kamar tsinken tsintsiya. Ya tsaga su da reza, ya zuba a wata babbar kwalba, ya cika ta da bodka, farar giya mai ƙarfi, ya toshe. Da Kirsimeti ya zo ya buɗe, gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi. Tun daga ranar kwalbar nan ba ta taɓa bushewa ba. Uwa yake ce mata.

Yana da dokokinsa. Duk watan Yuni zai ƙara sabbin sanduna. Duk Lahadi in mun dawo daga coci, kafin ya cire takalmi, zai ɗauko ta ya girgiza. Kwana biyu kafin Kirsimeti kuma zai jera ƙananan kwalaben maganin tari da ya tara ya wanke, ya tsiyaya wa kowace, ya jefa ɗan guntun sanda a ciki, ya rarraba wa gidajen layinmu. Sannan nan take ya sake cika Uwa har wuya.

"Gienia," haka yake kirana, "kome za a yi, kar a bar sandunan nan a waje. In suka leƙo sama, an gama."

Ni kuwa kullum sai na yi mita. "Kai da kwalbarka! Ko ni ba ka girgiza ni haka."

"Ranki ya daɗe, ke ai ko ba a girgiza ki ba a tashe kike."

A watan Yunin bara ya ƙara mata sanduna da hannunsa. A watan Satumba muka binne shi.

Tun daga nan ban sake girgiza ta ba. Na ɗauke ta daga kan kanta na sa a can cikin kabad. Wani lokaci in buɗe marfin, in shaƙa sau ɗaya, in rufe da sauri kamar ƙamshin zai gudu. A raina, ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya haɗa. Na ƙudurta ko ɗigo ɗaya ba zai fita ba har in mutu. Sauran bodkar da ke gidan kuwa duk an shanye ranar zaman makoki, ban kuma sayo wata ba.

Renata tana zaune a Norway da mijinta da 'yarsu ɗaya, Jagoda. Shekararta tara a lokacin. Da Kirsimeti ya matso suka zo gida. Aka yi shiri za a bar mini yarinyar kwana huɗu, su kuma su wuce Rzeszów wajen dangin mijin, su dawo ranar jajibirin Kirsimeti mu ci abincin yamma tare.

"Mama, ki bar ta ta ɗebe miki kewa," in ji Renata a bakin mota. "Amma don Allah ki rage ɗaure fuskar nan."

"Fuskata ce, da ita aka haife ni."

Jagoda ta shigo da jakarta a baya, ta tsaya tsakiyar falo tana kallon kujerar kakanta. Baba Tsoho take kiransa. Kowane hutu tare suke yawo, ita ce jelarsa. Ta je ta ɗauki hularsa da ke rataye a ƙusa ta kifa a kanta, hular ta rufe mata ido.

"Kaka, gidan nan warin kabeji yake."

"In bai miki ba, ga hanya can, motar uwarki ba ta yi nisa ba."

"A'a, ina nan. Wa zai riƙa ba ki haushi in na tafi?"

Gaskiya zan faɗa, kwana ukun farko sun fi duk kwanakin da na yi tun Satumba. Dusar ƙanƙara ta zubo har gwiwa. Ta tono katakon zamiyar da Ignacy ya yi wa uwarta, ta ja ni zuwa tudun bayan coci. Na ce ni kallo kawai zan yi. Ta ce matsoraciya. Ban san lokacin da na zauna a bayanta ba, muka gangaro muna ihu, muka kife cikin ƙanƙara a gaban Pan Hieronim, tsohon abokin aikin mijina, yana dawowa daga sayen burodi. Pan da Pani muke cewa a wajenmu, kamar a ce Malam da Malama.

Ya cire hula ya rusuna. "Pani Gienia, in kira motar asibiti ko in kira masu ɗaukar hoto?"

"Kira duk wanda ka ga dama, amma fara ɗaga ni!"

Muka je kasuwa muka sayo kifin Kirsimeti da ransa, muka sake shi a bahon wanka kamar yadda aka saba. Jagoda ta ce leɓensa irin na shugaban tashar da Baba Tsoho yake kwaikwayo ne, ta sa masa suna Shugaban Tasha. Sai ta zauna a bakin baho tana ba shi rahoto.

"Ranka ya daɗe, jirgin Sanok ya makara. Ranka ya daɗe, Kaka ta ƙona albasa."

"Ki bar saba wa da shi," na ce, "jibi a faranti za ki gan shi."

"Ranka ya daɗe, kar ka saurare ta."

Muka yi mutum da ƙanƙara a ƙofar gida, ta ɗaura masa tsohon gyalena ta ce ni ce. Muka murza fulawa, muka naɗe pierogi, 'yan ƙunshin fulawa masu haɗi a ciki, fiye da ɗari, nata duk a karkace. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Rabon da in ji muryata tana dariya har na manta.

Ana cikin aikin fulawar ne ta ɗago kai.

"Kaka, ina Uwa?"

"Tana inda take."

"Gobe ne ranar rabo fa. Kwana biyu kafin Kirsimeti."

"Bana babu rabo."

"Me ya sa? Pani Lodzia da me za ta yi kek ɗin cuku?"

"Ta sayi na kanti, kamar kowa."

"Baba Tsoho ya ce na kanti warin sabulu yake."

"Baba Tsoho ba ya nan. Ni ce nan, na kuma ce a'a."

Ta ci gaba da danna fulawa da yatsa. Can ta ce a hankali, "Bara ya ce bana ni zan riƙe mazurari."

Na ji maganar, amma na yi kamar ban ji ba. Da na zauna na gaya mata dalilina, da na ce mata tsoro nake ji kar ta ƙare, wataƙila da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma mu a gidanmu ba a saba yi wa yaro bayani ba. A'a kawai ake cewa.

Washegari da safe na shirya zan je coci furta zunubi wajen Fada, daga nan in biya maƙabarta in kunna wa Ignacy kyandir. Na ce ta zo mu tafi. Ta ce Shugaban Tasha ba ya jin daɗi, za ta zauna da shi. Na san layin coci a irin wannan rana, kowa sai ya tuna da zunubinsa lokaci ɗaya, ga sanyi. Na ce ta zauna, kar ta taɓa murhu.

Awa uku na yi.

Ina buɗe ƙofa ƙamshin ya tare ni. Ƙamshin Ignacy, ya cika gidan har zaure. Na tsaya riƙe da marikin ƙofa. Na ɗan lokaci kaɗan, Allah ya sani, na zaci zan same shi a kicin.

Jagoda ce a kicin. Kumatunta ja saboda sanyi, takalmanta jiƙe, hular kakanta a kai. Ga mazurari a kan tebur, ga almakashi, ga guntayen takarda. A tsakiya kuma ga Uwa, cike har wuya. Amma ba launinta ba ne. Ruwan da na sani mai duhu kamar shayi ya koma fari-fari, gurɓatacce, kamar ruwan wankin shinkafa.

"Kaka, kin ga! Na gama duka. Gida bakwai, a kan katakon zamiya na ja su. Ko ɗaya ban fasa ba."

Na nuna kwalbar. "Me kika zuba a ciki?"

"Ruwa. Sandunan sun leƙo waje, Baba Tsoho ya ce kar a bar su a waje. Na duba ko'ina ban ga bodka ba. Ai duk kalarsu ɗaya."

Tana murmushi take faɗa. Jira take in yaba mata.

Ku da kuke karantawa, daga coci nake. Ko awa biyu ba a yi ba da Fada ya ce mini in je, an gafarta mini. Ban ɗaga mata hannu ba. Da ma marin na yi, da ya fi sauƙi.

Na ce, "Abu ɗaya ya rage mini na kakanki a duniya. Ɗaya tak. Kin kashe shi."

Murmushin ya tsaya a fuskarta. "Kaka, ni so nake..."

"Wa ya tambaye ki abin da kike so? Shekara arba'in yana kula da ita, ke kin gama da ita a safiya ɗaya. Da ma ba a kawo ki gidan nan ba."

Ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi damuna ke nan har yau. Ta cire hular a hankali, ta je ta mayar da ita a ƙusarta, ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa. Ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa. Na zaci da kifin take. Ashe da uwarta take waya.

Ni kuma na ɗauki kwalbar na cusa ta a kabad na kusa da murhu, na rufe da ƙarfi. Ba na son ko ganinta.

Kafin rana ta faɗi motar Renata ta tsaya a ƙofa. Ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Mama, da gaske kin ce mata da ma ba a kawo ta ba?"

"Kin tambaye ta abin da ta yi?"

"Na tambaya. Ta yi abin da Baba yake yi duk shekara."

"Da ruwan famfo?"

"Shekararta tara, Mama! Tun a jirgi take lissafa gidajen da za ta kai wa. Kin san ita ma ta yi rashi? Ko ke kaɗai ya mutu ya bari?"

"Kar ki ɗaga mini murya a gidana."

"To ki ba ta haƙuri. Kalma ɗaya. Ga ta nan."

Jagoda tana tsaye a zaure, jakarta a baya, idonta a ƙasa. Na dube ta. Kalmar tana bakina, wallahi tana bakina. Amma na ce a raina, ni da aka yi wa ɓarna ni ce zan ba jikata haƙuri? Na juya na ci gaba da goge tebur.

Na ji ƙarar ƙofa. Na ji motar ta tashi.

Ranar jajibiri na tashi na yi duk abin da aka saba. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na sa ciyawa a ƙarƙashinsa. Na dafa jar miya. Na jera faranti biyar: nawa, na Renata, na mijinta, na Jagoda, da na baƙon da ake ajiye wa wuri ko da wani zai ƙwanƙwasa. Ina gaya wa kaina za su huce su zo. Kifin kuwa na kasa taɓa shi. Na shiga da wuƙa, ya ɗago leɓensa yana kallona, na fito.

Na tsaya a taga har tauraron farko ya fito. Aikin yara ne hango shi su yi ihu a zauna a ci. Babu wanda ya yi ihu. Na zauna ni kaɗai a gaban faranti biyar, da oplatek a hannuna, ɗan farin burodin nan mara kauri da ake gutsura wa juna ana neman gafara kafin a fara ci. Babu wanda zan miƙa wa.

Sai aka ƙwanƙwasa.

Na tashi da gudu har na ture kujera. Lodzia ce, da faranti rufe da tawul.

"Ba su ba ne, ni ce, sai ki yi haƙuri da ni," ta ce. "Na ga babu mota a ƙofarki. Matsa in shigo, hancina zai faɗi."

Ta ajiye farantin ta yaye tawul. Kek ɗin cuku ne, da ɗuminsa. Ƙamshin ya tashi.

"Gienia, ban taɓa zaton bana zan samu ba. Jiya ina zaune ina tunanin marigayi, sai ga 'yar nan da hularsa, tana jan katako kamar doki. Ta rusuna ta ce, 'Pani Lodzia, saƙon jirgin ƙarfe goma ya iso.' Yadda yake faɗa, sak! Na rungume ta ina kuka, tana ce mini in yi a hankali kar in fasa na Pan Hieronim."

Ta ciro 'yar kwalbar daga aljihu ta miƙo mini. Ga guntun sanda a ciki. An ɗaura takarda a wuyanta da jan zare, da rubutun yaro a karkace: Daga Ignacy, ta hannun Jagoda.

"Ina take ne, in ba ta babban yanka?"

Na gaya mata komai. Ban rage ba. Lodzia mai surutu ce, amma ranar ba ta katse ni ba. Sannan ta ɗauki oplatek ta gutsura ta ba ni.

"Ni zan tsaya a madadinta yau, don kar ki ci abinci haka. Amma ba ni kika yi wa laifi ba, kin sani."

Na kira Renata a ranar Kirsimeti. Ta ɗauka, ta ce yarinyar ba ta son zuwa wajen waya. Na ce to ki gaishe ta. Ko a nan ban ce a ba ta haƙuri ba. Bayan kwana biyar suka koma Norway ba su biyo ba.

Sai bayan sabuwar shekara da mako biyu na iya buɗe kabad ɗin. Wurin da ɗumi, kusa da murhu. Wani farin gashi-gashi ya rufe saman ruwan, ya kama sandunan. Na buɗe marfin, wari ya buge ni.

Na naɗe ta a tawul na kai wa Pan Hieronim. Shi na ba kifin ma, ya sake shi a tafkin ɗan'uwansa. Ya ɗaga kwalbar a hasken taga ya juya ta, ya girgiza kai.

"Yaushe aka zuba ruwan?"

"Kwana biyu kafin Kirsimeti."

"Kika yi me?"

"Na sa a kabad."

"Har yau?" Ya ajiye ta a hankali. "Pani Gienia, ruwa ba ya kashe banila a rana ɗaya. Da a ranar kin tsiyaye shi, kin aiko an karɓi bodka a wajena kin rufe sandunan, da babu abin da zai same ta. Ignacy da kansa ya taɓa yi, shekarar da ya zuba ruwan sha na kwalba bisa kuskure. Tare muka gyara, minti biyar. Ya roƙe ni kar in gaya miki don kar ki yi masa dariya."

Na zauna a kujerarsa ba tare da an ce in zauna ba.

"Ke nan ba ita ta kashe ta ba."

Ya je ya ɗora ruwan shayi.

Na zubar da Uwa da hannuna a bayan gida, daidai inda Ignacy ya faɗi. Sanduna na shekara arba'in, har da biyar ɗin farko da ban iya bambance su ba. Na dafa kwalbar a tafasasshen ruwa na kife ta. Na ce shi ke nan, an gama.

Lodzia ce ta bi gida-gida, ban sani ba. Ranar Lahadi bayan coci sai ga su a ƙofata, mutum bakwai, kowa da 'yar kwalbarsa. Wata saura rabi, wata saura cokali ɗaya. Ta Pan Hieronim ko buɗewa bai yi ba, ya ce shi da ba ya gasa komai, ajiyewa yake yana shaƙa. Kowace da guntun sandarta a ciki, kamar yadda Ignacy yake yi, don yarinyar ba ta manta ko wannan ba.

Muka juye su duka a cikin Uwa. Bai kai ko kwata ba. Pan Hieronim ya ciro bodka daga rigarsa ya rufe guntayen.

"To," ya ce, "ga 'ya'yanta sun dawo da ita."

Na tsaya ina kallon ruwan. Duk abin da na ɓoye ya ruɓe. Abin da ya rage na hannun Ignacy a duniya shi ne wanda Jagoda ta ja a kan katako ta rabar.

A ranar na rubuta mata wasiƙa. Sau huɗu ina yagawa. A ƙarshe na rubuta: Jagoda, ba ke kika kashe ta ba, ni ce. Ke kika cece ta. Maganar da na faɗa ƙarya ce, babu ranar da na yi murna kamar ranar da aka kawo ki. Ki yafe wa kakarki.

Amsa ba ta zo ba. Renata ta ce ta karanta, ta sa a cikin littafinta. Duk Lahadi ina kira. Duk Lahadi Renata tana cewa, "Tana aikin makaranta, Mama." Ina jin motsinta a kusa. Hutun bazara ya zo, ba su zo ba. A watan Yuni na sayi sanduna na tsaga da rezarsa na ƙara, Lodzia ta ɗauki hoton kwalbar ta tura musu.

Sai a watan Oktoba, wata Lahadi, ina cikin magana da Renata na ji wayar ta canza hannu. Numfashi kawai nake ji.

"Jagoda?"

Shiru.

Can ta ce, "Kina girgiza ta?"

"Ina girgizawa. Duk Lahadi, kafin in cire takalmi."

"Sau nawa?"

"Goma."

"Sha biyu yake yi."

Ta mayar wa uwarta wayar. Iyakar abin da na samu ke nan a shekara guda. Shekara arba'in ina kallon mutumin nan yana girgiza kwalba ban taɓa ƙirgawa ba. Ita ta ƙirga.

Yau saura kwana tara Kirsimeti. Uwa ta cika, ta yi duhu kamar da. Na wanke ƙananan kwalabe bakwai na jera a kan tebur, ga mazurari, ga jan zare. Takardun na yanka, amma ban rubuta komai a kai ba, ba rubutuna ya kamata ya hau ba. Na tambayi Renata ko za su zo. Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Na ce mata ita za ta zaɓa, ba zan tilasta mata ba." Ban ga laifinta ba.

In ba ta zo ba, zan ja katakon da kaina in raba. Wannan kam na koya. Amma zan bar mazurarin a inda yake har safiyar ranar.

Darasi: Kada son wanda ya tafi ya sa ka raunata wanda yake raye a gabanka. Kayan da mamaci ya bari, in ka ƙulle su lalacewa za su yi, in ka raba su ne suke wanzuwa. Kuma ɓarnar da yaro ya yi da kyakkyawar niyya ana iya gyara ta cikin minti biyar, amma muguwar kalmar da babba ya faɗa masa tana iya cin shekara ba ta goge ba. In ka yi wa ƙaramin yaro laifi, ka ba shi haƙuri tun yana tsaye a zaure, kafin motar ta tashi. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana cikin makoki, da duk wanda yake ganin ya fi ƙarfin ya ce wa yaro yi haƙuri.

Ina roƙonku ku taya ni addu'a. Allah ya ba Ignacy hutawa ta har abada. Allah ya sanyaya zuciyar Jagoda, ya cire mata maganar da na dasa a ciki. Allah ya sa in ga hular nan a kanta kafin tauraron farko ya fito. Wanda ya karanta ya ce amin.